Turɓaya, Laka da Fako: Ƙasar Noma ta Kudancin Kaduna da Sunayenta

Wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu a watan Janairu, ya bi ta Kakuri ko Barnawa, ya miƙe hanyar Kaciya har ya wuce Sabon Tasha, zai tarar abu guda ya lulluɓe kome da kome, watau wata ƙura mai laushi, toka-toka, wadda ta kwanta bisa ganyen mangwaro da kwanon ɗaki da gilashin mota. In ya dangwalo ta ya murza tsakanin yatsunsa ba zai ji kaushin rairayi ba, in kuwa ya jiƙa ta ba za ta yi danƙo irin na laka ba. Abin da zai ji ya fi kama da garin alkama. Wannan ƙura, da ƙasar noman da ta haifar, su ne abin da takardar nan za ta duba, ta wajen halinsu da kuma sunayen da a ke kiransu da su. Abin da ya jawo maganar shi ne, malaman da ke koyar da aikin gona da labarin ƙasa a kwalejojin horon malamai su kan zo nan su cije. Littafin Turanci ya raba ƙwayoyin ƙasa gida uku, Hausa kuwa, in an yi mata duban garaje, gida biyu ta sani, rairayi da laka. Ta tsakiyar ita ce ta ke rasa suna, alhali kuwa ita manomi ya ke takawa kullum tun daga Funtuwa da Zariya har zuwa bakin Kaduna.

Rabon masana da girman ƙwaya ya ke tafiya. Ƙwayar da faɗinta ya kama daga milimita 2 zuwa 0.05 ita ce rairayi. Wadda ta gaza milimita 0.002 ita ce laka. Abin da ke tsakani shi Turawa su ke ce wa silt. Ana iya ganin rabon nan da ido. A zuba ƙasa cikin farar kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Kafin minti guda rairayi ya kwanta a gindi. Ta tsakiyar ta kan sauko bisansa sannu-sannu cikin 'yan sa'o'i, ta yi layinta dabam mai santsi. Laka kuwa ta kan bar ruwan a gurɓace har kwana da kwanaki. Amma fa iyakar da ke tsakanin rairayi da ta tsakiya shatar mutane ce, mutanen kuwa ba su yi baki ɗaya ba. Ma'aunin Atterberg, mutumin Suwidin, wanda aka yi aiki da shi a tsofaffin awon ƙasar Arewa, ya sa iyakar a milimita 0.02, na Amurka ya sa ta a 0.05, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ke bi yanzu ya kai ta 0.063. Ƙasar da a ke magana a kanta kuwa, da yawa daga ƙwayoyinta a cikin wannan rata suka faɗa. Saboda haka gona guda a Samaru, wani rahoto ya ce rairayi mai laushi ya yi mata yawa, wani ya ce silt ne, ba tare da ta sauya ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ya karanci harsuna ba zai yi mamaki ba, gama haka su ke yi da launi: abin da Bahaushe ya haɗa ya ce ja, daga jini har jan doki har jan mutum, wani harshe ya yanka shi uku.

Daga ina ta zo? Ƙarƙashin Kaduna tsohon dutse ne, dangin na Kufena da duwatsun Kajuru, wanda in ya ruɓe ya kan ba da tsakuwa da rairayi mai kaushi daga fararen ƙwayoyinsa, ya ba da jar laka daga sauran. Mai laushin nan ba ya ba da ita sai kaɗan. Ashe baƙuwa ce, iska ta kawo ta. A zamanin da duniya ta yi sanyi da fari, wajen shekara 20,000 da suka wuce, Sahara ta matso kudu fiye da inda ta ke yau, iskar arewa maso gabas ta riƙa kwasar ƙasa tana shiƙa kamar yadda mace ta ke shiƙar hatsi a masussuka. Mai nauyi ya faɗi kusa, ya taru ya zama tuddan rairayin nan da ke jere a gabas da arewacin Kano, wajen Jahun da Haɗeja, waɗanda Hausa ta ke ce wa jigayi. Daga wannan kalma Jihar Jigawa ta samo sunanta a 1991. Mai laushi ya wuce gaba, ya sauka bisa filayen da ke tsakanin Kano da Funtuwa da Zariya, ciyawa ta riƙe shi, ya yi ta taruwa har a waɗansu wurare kaurinsa ya wuce mita guda. Irin wannan shimfiɗa Jamusawa suka fara yi wa suna a kwarin Kogin Rhine, suka ce mata Löss, watau sako-sako. Mafi kaurinta a duniya tana arewacin ƙasar Sin, inda ta rina kogin da a ke kira Rawaya. Ta ƙasar Hausa ba ta kai waɗannan kauri ba, ƙwayarta kuma ta ɗan fi tasu girma, amma danginsu ce.

Iskar ba ta gama aikinta ba har yau. Mafi yawan hazon hunturu daga kwarin Bodele ya ke tasowa, a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, inda iska ta ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta share gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Grant McTainsh, wanda ya tara ƙurar hunturu ya auna ta a wajen Kano a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna dangantakar da ke tsakaninta da ƙasar da ke shimfiɗe bisa filayen nan. Ƙurar tana ɗauke da ɗan abincin shuka, musamman kalshiyam da fotashiyam, watau abin da matan gida su ke sharewa suna tsaki taki ne kyauta ga gonar da ke bayan gari.

Kudancin Kaduna gefen tabarmar nan ne, ba tsakiyarta ba. Ruwan sama a nan wajen milimita 1,200 ne a shekara, daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, ya ɗara na Zariya, ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Dajin asali kuma na doka ne da kaɗanya da ɗorawa, gamba da ƙyara a ƙarƙashinsu, ba filin ciyawa zalla ba. Shimfiɗar iska ba ta yi kauri a nan ba, gara da garma kuma sun cuɗanya ta da ruɓaɓɓen dutsen wurin. Duk da haka ana ganinta a ramukan da masu gini su ke haƙawa wajen Gonin Gora da Unguwar Romi da Kamazo. A bisa akwai ƙasa mai ruwan toka, mai laushi, kamar taƙi guda ko ɗan fiye. Ƙarƙashinta launi ya juya ja-ja, danƙo ya ƙaru, domin ruwan damina shekara da shekaru yana wanke lakar sama yana kai ta ƙasa. Wannan shi ne jangargari, shi magina su ke nema. In aka ci gaba sai a iske tsakuwar ƙarfe, wani wuri a warwatse, wani wuri ta haɗe ta zama marmara wadda ba ta jin kome sai diga. Can ƙasa kuma sai ruɓaɓɓen dutse mai dabbare-dabbare, ja da fari da rawaya, inda masu haƙan rijiya su ke samun ruwa.

To, a nan ne ya kamata a saurari Hausa da kyau. Cewa ba ta da sunan ƙasar saman nan kuskure ne. Sunaye huɗu gare ta, ko fiye, sai dai kowanne yana bin halin da ta ke ciki ne, ba girman ƙwayarta ba. In iska tana ɗauke da ita, ƙura ce, in ta yi yawa har ta dushe rana kuma a ce hazo. In ta kwanta a bushe, sako-sako, sawu yana fita a kanta, kaji suna birgima a ciki, turɓaya ce. In ruwa ya sauka, shanu suka tattaka ta, ta zama taɓo ko caɓi. In kuwa ta bushe bayan dukan ruwa, fuskarta ta ɗaure ta yi sulɓi, ciyawa ta ƙi fitowa, sunanta fako, wanda ya gawurta kuma a ce masa ƙeƙuwa. Daga farko har ƙarshe abu ɗaya ne. Mai awo yana tambayar abin da aka yi ƙasar da shi, manomi kuwa abin da ya dame shi shi ne yadda za ta yi da shi in ya sa mata fartanya yau da safe. Ko rairayi da laka ma, waɗanda a ke ɗauka fassararsu ta zauna, haka su ke. Yashi da rairayi kusan ƙwaya ɗaya ne, amma yashi na rafi ne, wanda a ke ɗebowa a kwaɓa da siminti. Laka da yumɓu ɗaya ne ga mai awo, amma yumɓu shi ne wanda mai ginin tukwane ta taɓa ta yarda da shi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tara irin waɗannan kalmomi da dama, yana kuma nuna karin harshen da waɗansunsu suka fito.

Bayan hali sai wuri. Rabon da ya fi kowane girma ga manomi shi ne tudu da fadama, watau inda ruwa ya ke wucewa da inda ya ke kwana. A ƙasar Maraɗi rabon uku ne, jigawa da geza da fadama. Geza ƙasa ce mai tauri wadda ta ci sunan itacen da ya fi fitowa a kanta. A Sakkwato da Gobir kuma za a ji hwadama da hwako, bisa ga al'adar karin yamma. Sa'an nan sai launi, jar ƙasa da baƙar ƙasa, amma a nan akwai tarko: farar ƙasa ba ƙasar noma ba ce, abin shafen ɗaki ce, malamin da ya kira ƙasar saman nan da wannan suna don ta yi haske ya ɓatar da ɗalibansa. A kudancin Kaduna za a fi jin jan ƙasa da baƙin ƙasa. Ba wata ƙasa dabam a ke nufi ba; jinsi ne ya raunana, kamar yadda ya ke a karin Zazzau, balle a bakin dubban mutanen da Hausa harshensu na biyu ne. Sunan Sabon Tasha kansa shaida ne, da Bakano ne ya raɗa shi da Sabuwar Tasha za a ce. Abin lura kuma shi ne irin aikatau da a ke haɗawa da ƙasa: ta gaji, ta mutu, ta huta, ta sha ruwa, ta ƙoshi. Duk na mai rai ne.

Yadda turɓaya ta ke komawa fako ya cancanci a tsaya a kansa, gama nan ne dukan wahalar wannan ƙasa ta ke. Ƙwayar rairayi babba ce, tana barin ƙofofi a tsakani, ruwa ya bi. Laka tana manne juna ta yi curi-curi, ruwa ya bi tsakanin curin. Ta tsakiya ba ta da girman wancan, ba ta da danƙon wannan. Abin da ke riƙe ta kawai ruɓaɓɓen ganye ne da saiwar ciyawa, shi kuwa kaɗan ne, domin ƙunar daji ta kowace shekara da gara da zafin rana suna cinye shi. Ruwan farko, mai zuwa da ƙarfi bisa gona tsirara, ya kan farfasa ɗan curin da ke akwai, ƙwayoyin su bazu su toshe ƙofofi, rana ta fito ta gasa. Ɓawon da ya ke samuwa 'yan milimita ne kawai, amma ya isa ya hana tsiron dawa ko auduga hudowa, ya isa kuma ya sa ruwa na biyu ya gudu maimakon ya nutse. Ruwan da ya gudu ba ya tafiya hannu banza, gama babu ƙwayar da ta kai wannan sauƙin kwasa. Da haka zaizaya ta ke farawa a bakin turba, bayan 'yan damuna ta zama kwazazzabo. Huɗa da kunya amsar manomi ce ga wannan, haka kuma manyan kunyoyi da tulin doya na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, masu noman wurin tun kafin a kafa birnin. A Samaru, inda aka buɗe tashar binciken noma a 1922, ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an fara wani dogon gwaji a 1950 na kwatanta kashin shanu da takin zamani bisa irin wannan ƙasa. Abin da ya fito shi ne, fegin da aka yi ta zuba wa takin gishiri shi kaɗai shekara da shekaru ya yi tsami, amfaninsa ya ja baya, wanda ya samu kashin shanu kuwa ya riƙe ƙarfinsa. Manomin da ya ke roƙon Fulani su kwana da garke a gonarsa da rani bai jira wannan sakamako ba.

Sunayen masana sun sauya sau da dama, malami kuwa zai gamu da su duka a littattafai. Taswirar ƙasar Afirka ta D'Hoore, ta 1964, ta bi Faransawa ta sa ƙasar tudun nan cikin rukunin da za a iya kira ƙasa mai tsatsar ƙarfe ta wuraren zafi. Tsarin Amurka na 1975 ya ce mata Alfisol, a ƙarƙashinsa kuma Ustalf. Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1974 ya sa ta cikin Luvisol, da aka yi masa gyara a 1988 sai aka ware masu raunin laka, waɗanda ba su iya riƙe abincin shuka da yawa, aka ce musu Lixisol, yawancin tudun Kaduna kuwa nan ya faɗa. Sunayen suna da ban tsoro a ido, amma ginin kalma ne kawai, irin na jangargari, watau ja da gargari. Sol daga Latin ne, ma'anarsa ƙasa. Alf an gutsuro shi ne daga alamun alminiyam da ƙarfe. Ust daga kalmar ƙonanne ya fito, yana nuni ga dogon rani. Luvi da Lixi duk wanki su ke nufi, watau wankin lakar nan daga sama zuwa ƙasa wanda aka gani a rami. Inda marmara ta matso kusa da sama sai a ce Plinthosol, daga kalmar Girkanci mai nufin tubali; kalmar latarait ma tubali ce a Latin, Francis Buchanan ya ƙaga ta a 1807 da ya ga mutanen Malabar a Indiya suna yankan ta da taushi, ta sha iska ta taurare, su yi gini. Ƙasar fadama kuwa ko Gleysol, daga kalmar Rashanci ta taɓo, ko Fluvisol, daga kalmar kogi. Ba amfani a fassara waɗannan, sunaye ne kamar sunayen magani. Abin da zai taimaki ɗalibi shi ne a warware masa gaɓoɓinsu. Sai dai a lura, duk cikinsu babu wanda ya ambaci laushin saman nan, wanda shi ne abu na farko da manomi ya ke ji a hannu. Sai an sauko ƙananan matakan tsarin Amurka a ke faɗin girman ƙwaya, a matakin ƙarshe kuma a raɗa wa ƙasa sunan garin da aka fara auna ta, kamar yadda a ke cewa ɗan Kano ko 'yar Daura.

Da wace kalma ke nan za a koyar? Masu fassara su kan ɗauki laka, domin ita ta fi kusa da hannu, wannan kuwa ɓarna ce. Ɗalibin da aka gaya wa ƙasar Zariya laka ce zai zaci tana riƙe taki, tana kuma yin tubali, alhali duk magini ya san sai ya kwashe ta sama ya yar kafin ya kai ga abin gini. Tubalin da aka yi da ita marmashewa ya ke yi. Turɓaya ta fi cancanta. Cikin sunayen nan huɗu ita kaɗai ce ta ke nufin ƙasar ita kanta, ba iska ba ruwa a cikin ma'anarta. Kalma ce ta mace kamar laka da ƙasa, tana shiga jeri da su ba gargada. Aibinta ɗaya, mutane su kan kira rairayi mai laushi ma da ita, amma an riga an ga ma'aunan masana su ma a daidai nan su ke rawa. Abin da ya rage shi ne malami ya sa ɗalibai su jiƙa ƙasa su mulmula ta kamar igiya a tafin hannu. Rairayi ba ya mulmuluwa ko kaɗan. Laka tana yin igiya har a lanƙwasa ta ta zama zobe. Turɓaya tana yin 'yar guntuwa, da an lanƙwasa ta karye, in ta bushe kuma ta bar gari a yatsu.

Turɓayar da ruwa ya kwasa daga tudu ba ɓata ta ke yi ba, a fadamun Kogin Kaduna da na Romi ta ke sauka, ta gauraya da laka da ruɓaɓɓen ganye ta zama baƙar ƙasar da a ke noman rake da shinkafa da kayan lambu. Kalmar fadama ta yi nisa, ta shiga Turancin masana yadda ta ke, har ta zama sunan wani babban shirin noman rani na ƙasa wanda Bankin Duniya ya tallafa tun daga 1993. A kudancin Kaduna kuwa, inda ta fi bukatar a ji ta, ja da baya ta yi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru a 1917, masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin Peugeot ya biyo baya a 1975, matatar mai a 1980. Yawancin masaƙun sun rufe tun farkon shekarun 2000, amma mutanen da suka jawo ba su koma ba, gonaki suka zama unguwanni. Mai sayar da wuri ba ya cewa tudu ko fadama, fuloti ya ke cewa, kalmar da ba ta faɗin kome sai tsawo da faɗi. A daminar 2003, da kuma ta 2012, kogin ya cika ya koma tsohon makwancinsa, ya shiga gidajen da ke gangaren Barnawa da Nasarawa da takwarorinsu na ƙetare. Da ruwa ya janye ya bar wani shafe mai santsi, toka-toka, a daɓen ɗakuna, wanda ya bushe ya tsattsage, tsintsiya ta taɓa shi ya koma gari. Irin wannan shafe kowace babbar ambaliya ta ke ajiyewa bisa fadama, ɗaya kan ɗaya, rairayi a ƙasa turɓaya a bisa, daidai da yadda su ke kwanciya a kwalba. A watan Maris, in kogi ya ja baya, ana ganin layukan a jikin gaɓa inda ruwa ya yanke ta, malami yana iya kai ɗalibansa su ƙirga.